Yadda mazauna cikin mota suka ari wankan sojojin ruwa

Ka taɓa tunanin inda mai zama cikin mota yake wanka? A 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara mayar da motocin Volkswagen ɗakunan kwana, amma ba wurin wanka a ciki. Matsalar nauyi ce: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Dokar Amurka ta 1992 ta ƙayyade wa shawa lita 9.5 a minti. Wankan minti goma kilo 95 ke nan, kusan buhun siminti biyu!

Shi ya sa mazauna mota suka ari dabarar sojojin ruwa, waɗanda ruwan daɗi ke yi wa ƙaranci a teku: jiƙa jiki, rufe famfo, shafa sabulu, sannan ka ɗauraye. Kamar lita 11 ta isa. Kai da ka saba da bokiti da moɗa, ai ka riga su.