Kakar da Portsmouth Ta Ɗauki Kofin FA

Portsmouth gari ne na bakin teku a kudancin Ingila, mazaunin jiragen ruwan yaƙi tun kaka da kakanni. Filin ƙungiyar garin, Fratton Park, tsoho ne matsattse a tsakiyar unguwa, mutum dubu ashirin da 'yan kai sun cika shi maƙil. Ƙungiyar ta yi zamaninta. A 1939 ta doke Wolverhampton da ci 4 da 1 ta ɗauki kofin FA, kuma da yake Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke bayan 'yan watanni aka dakatar da gasar, kofin ya yi zamansa a hannunta har aka gama yaƙin. Ta lashe gasar lig a 1949, ta sake lashewa a 1950. Daga nan tauraruwarta ta dusashe, ta yi ta gangarawa har rukuni na huɗu, ba ta sake samun gindin zama cikin manya ba sai da Harry Redknapp ya hau da ita Firimiya a 2003.

A 2006 wani matashin attajiri, Alexandre Gaydamak, ya mallaki ƙungiyar, ya buɗe wa Redknapp bakin aljihu. Aka kawo mai tsaron raga David James, aka kawo Sol Campbell daga Arsenal, aka ɗauko Nwankwo Kanu kyauta bayan ya rabu da West Bromwich. Kafin a shiga kakar 2007 zuwa 2008 aka ƙaro Sulley Muntari na Ghana daga Udinese, John Utaka na Nijeriya daga Rennes, Papa Bouba Diop na Senegal daga Fulham, da masu tsaron baya Sylvain Distin da Hermann Hreidarsson. Benjani na Zimbabwe dama yana nan. Wannan taron 'yan Afirka shi ya sa mu a gidajen kallo muka fara waiwayar Portsmouth, duk da kowannenmu yana da tasa ƙungiyar. Albashin waɗannan mutane ya fi ƙarfin kuɗin ƙofar Fratton Park nesa ba kusa ba, amma a lokacin ba wanda ya tsaya yin wannan lissafin.

Lig ta fara da canjaras biyu, na biyun da Manchester United, wasan da aka kori Muntari da Cristiano Ronaldo duka da jan kati. Ranar 29 ga Satumba 2007 Reading ta zo Fratton Park aka tashi 7 da 4. Ƙwallo goma sha ɗaya a wasa guda, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin Firimiya, Benjani shi kaɗai ya ci uku. Abin mamaki, kamar a ranar suka ƙarar da rabonsu na gida. Wasannin lig shida suka biyo baya a Fratton Park ba su zura ko ɗaya ba, alhali a waje sun jera nasara shida, ciki har da 4 da 1 a gidan Newcastle da 3 da 1 a gidan Aston Villa, inda Muntari ya ɗaɗa biyu daga nesa da ƙafarsa ta hagu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An gina ƙungiyar ne don ta tsare gida ta jira kuskuren abokin karawa, sannan ta kai harin ba-zata da gudun Utaka da Benjani. A waje masu gida kan fito su bar sarari a baya. A Fratton Park kuwa baƙi su ne ke komawa su toshe, sai dabara ta ƙare. Kofin Lig bai yi nisa ba, Blackburn ta fitar da su a zagaye na huɗu.

Watan Janairu ya zo da girgiza. Newcastle ta nemi Redknapp, ya ce yana nan. Gasar Kofin Afirka a Ghana ta kwashe Kanu da Utaka da Muntari da Diop. A can ma Muntari ne ya miƙa ƙwallon da Junior Agogo ya fitar da Nijeriya da ita. Aka sayo Lassana Diarra daga Arsenal da Jermain Defoe daga Tottenham, aka karɓo aron Milan Baros, aka sayar da Benjani ga Manchester City yana kan ganiyarsa. Wannan cinikin shi ya tsara sauran labarin. Defoe ya riga ya buga wa Tottenham kofin FA a wannan kakar, doka ta hana shi buga wa wata ƙungiya. Ke nan a lig akwai mai cin ƙwallo, a kofi kuwa nauyin ya dawo kan Baros wanda ƙafarsa ta ƙi ci, da Kanu wanda mutane da yawa suka ɗauka ya gama.

Tafiyar kofin ba ta da ado. A gidan Ipswich David Nugent ya ci ɗaya aka tsira da ita. Plymouth ta zo Fratton Park ta fara ci, Diarra ya farke, Niko Kranjcar ya ƙara. A gidan Preston, James ya kaɗe fenareti, kuma ana gab da tashi ɗan wasan Preston ya ci gida. Duka ukun ƙungiyoyin rukuni na biyu ne, kuma ba wadda aka ci da daɗin rai. Sai ƙuri'a ta tura su Old Trafford.

Ranar 8 ga Maris 2008 ce. United ɗin da suka tarar ita ce wadda za ta ɗauki Firimiya da Kofin Zakarun Turai bayan wata biyu, da Ronaldo da Rooney da Tevez a gaba. Tun a farkon wasa Distin ya bangaje Ronaldo a cikin da'ira, alƙalin wasa ya ce a ci gaba, kuma a ganina an yi wa United rashin adalci a nan. Daga nan aka koma wasa a gida ɗaya. Glen Johnson ya fitar da ƙwallon Tevez da ka daga kan layi. Michael Carrick ya wuce gola, saura ya tura kawai, Distin ya zamo ya tare. Patrice Evra ya buga, James ya taɓa da yatsu ta daki turke. Ana cikin haka golan United Edwin van der Sar ya ji rauni, Tomasz Kuszczak ya karɓe shi bayan hutun rabin lokaci. Saura kusan minti goma sha biyu Portsmouth ta fita da gudu, Baros ya tunkari Kuszczak, Kuszczak ya kayar da shi. Fenareti, ga jan kati, ga babu sauran gola a benci. Rio Ferdinand ya zura rigar gola ya sa safar hannu ya tsaya a raga. Muntari ya ajiye ƙwallo, ya ja baya, ya buga ta ƙasa-ƙasa cikin lungu. Ferdinand ya bi ɓangaren da ya dace, hannunsa bai kai ba. Rabon Portsmouth da nasara a wannan fili tun 1957.

A wannan ranar Barnsley, wadda ta riga ta fitar da Liverpool, ta fitar da Chelsea da ƙwallon Kayode Odejayi, haifaffen Nijeriya. Da aka kai wasan kusa da na ƙarshe Portsmouth ce kaɗai ta rage daga Firimiya, abin da rabon a gani tun 1908. Wanda jiya ake tausaya wa ya wayi gari kowa na cewa kofin nasa ne, kuma wannan nauyin ya bayyana a Wembley ranar 5 ga Afrilu. Abokiyar karawarsu West Bromwich ta fi su taka leda a rabin farko. Bayan an dawo Baros ya buga, gola ya tare bai riƙe ba, ƙwallo ta yi ta rawa a bakin raga, Kanu ya tura ta ciki a kan tsohuwar ƙungiyarsa.

Daga nan lig ta zama kamar aikin dole. Sun sha kashi a wasanni huɗu na ƙarshe, na ƙarshensu a gida hannun Fulham, wadda wannan nasarar ta cece ta daga faɗuwa ta tura Reading ƙasa. Duk da haka sun ƙare a mataki na takwas da maki 57.

Ranar 17 ga Mayu mutum 89,874 suka shiga Wembley. Abokiyar karawa Cardiff City ce ta Wales, wadda ta taɓa fitar da kofin daga Ingila a 1927. Redknapp ya jera biyar a tsakiya, ya bar Kanu shi kaɗai a gaba, yana da shekara 31. Wannan shi ne mutumin da ya ci Kofin Zakarun Turai da Ajax a 1995, ya jagoranci Nijeriya ga zinaren Olamfik a Atlanta a 1996, sannan a shekarar likitoci suka gano ciwo a zuciyarsa aka yi masa tiyata a Amurka. Gudu ya riga ya bar shi, amma ƙwallo na manne masa a ƙafa yadda ta saba. A tsakiyar rabin farko ya yanke mai tsaron baya, ya kewaye gola Peter Enckelman, raga a buɗe, sai ya daki turke. A gidan kallon unguwarmu wani dattijo da ke gabana ya cire hula ya dafe kai, bai ce uffan ba. Minti na 37, ana gab da kiran La'asar a nan gida, Utaka ya ja ƙwallo ta dama ya kawo ta ƙasa-ƙasa kusa da turke. Enckelman ya kai hannu ta kuɓuce masa, Kanu na tsaye a wurin, ya sa ƙafa ya ɗaga ta cikin raga. Ɗan Nijeriya ya bayar, ɗan Nijeriya ya ci. Magoya bayan Arsenal da na United da na Chelsea suka miƙe tare, benci ya kife. Kafin hutu Glenn Loovens ya zura wa Cardiff, aka soke saboda ya taɓa da hannu. A rabi na biyu Cardiff ta sako wani yaro ɗan shekara 17, Aaron Ramsey, ta yi ta jefo ƙwallo sama, Campbell da Distin suna mayarwa har aka busa.

Ƙwallo bakwai Portsmouth ta ci a wasanni shida na kofin, ɗaya tak aka ci ta. Sunan Kanu ake tunawa, kuma ya cancanta, amma James da mutum huɗun da ke gabansa su ne suka ɗauko kofin nan a kafaɗa. Tun Everton a 1995 babu wata ƙungiya da ta ɗauke shi in ba United ko Arsenal ko Chelsea ko Liverpool ba.

Watsewar ba ta ɗauki lokaci ba. Muntari ya tafi Inter Milan kafin sabuwar kaka, Redknapp ya koma Tottenham a Oktoba. A Nuwamba AC Milan ta zo Fratton Park a kofin UEFA, Portsmouth ta yi gaba da ci biyu, na biyun na Kanu, kafin Ronaldinho da Inzaghi su farke a mintunan ƙarshe. A Janairu Diarra ya tafi Real Madrid, Defoe ya bi Redknapp. Gaydamak ya daina zuba kuɗi, ƙungiyar ta yi ta sauya hannu, albashi ya fara makara. A Fabrairun 2010 bashi ya durƙusar da ita, aka damƙa ta ga masu kula da kadarorin wanda ya karye, karo na farko da hakan ya faru da ƙungiyar Firimiya. Aka zabtare mata maki tara, ta faɗi, ko da yake ta sake kai wa wasan ƙarshe na kofin FA a wannan shekarar, Didier Drogba ya ci wa Chelsea ɗaya. A 2013 magoya bayanta suka yi karo-karo, masu hali suna sa fam 1,000 kowanne, suka saye ta da kansu. Kakar da ta biyo baya a rukuni na huɗu suka buga ta.