Maganin Zawo a Ƙasar Matamaye: Daga Sassaƙe Zuwa Ruwan Gishiri da Sukari

Zawo tsohon ciwo ne a ƙasar Matamaye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram. Ya fi tsananta da damina, lokacin da kwari ke kwashe dauɗar gari zuwa tafkuna da rijiyoyin da ba su da murfi. A daidai lokacin ne kuma rumbuna ke yin ƙasa, tamowa ta kama yara.

A da, tsofaffin mata ne masu maganinsa. Sukan jiƙa 'ya'yan bagaruwa, ko su dafa sassaƙen marke ko ganyen sabara, wasu su dama garin kuka a kunu. Manufar duka ɗaya ce, a tsayar da ciki. Akan kuma raba ciwon bisa sanadinsa: akwai zawon haƙori, wanda ake ɗauka dole ne ga kowane yaro, akwai na shan nonon uwar da ta sami ciki kafin yaye. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a kira wanzami ya cire beli. Idan maɗigar jariri ta faɗa, sai a ce wani ciwo ne daban, a shafa masa haɗi a ka. Idon tsofaffin bai yi kuskure ba, domin faɗawar maɗiga alama ce ta gaske, sai dai abin da take nunawa shi ne ruwan jiki ya ƙare. Ƙarewar ruwan ce ke kashe yaro, shi ya sa rage masa sha don kada zawon ya ƙaru ya fi kowace al'ada ɓarna.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, Matamaye na cikin wuraren farko da gwamnatin Nijar ta gwada shirin wayar da kan manoma, daga baya aka horar da 'yan agajin ƙauye da ungozoma. Amma maganin da ya canza al'amari daga Asiya ya fito. A 1968 likitoci a Daka suka nuna cewa hanji na tsotse gishiri da ruwa idan akwai sukari a haɗe, ko da ana cikin tsananin zawo. A 1971 likita Dilip Mahalanabis ya yi amfani da haɗin a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, mace-macen kwalara suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. A 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin yaƙi da zawo, haɗin ya bazu har Sahel ta bakin ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo. Ma'aunin gida shi ne litar ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Karɓuwarsa ta yi tafiyar hawainiya, kuma da dalili. Uwa na son ganin zawo ya tsaya, haɗin kuwa mayar da ruwa yake yi, ba ya tsayar da shi. Shi ya sa har yau kafso ɗin masu tallar magani a faranti ke samun kasuwa, alhali yawancin zawon yara ba ya buƙatarsa. A 2004 aka ƙara ƙwayar zinki, ta kwana 10 zuwa 14, wadda ke rage tsawon ciwon.

Daga farkon shekarun 2000, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, aka gina ƙananan likitoci a ƙauyuka, a 2006 kuma aka yanke cewa a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauko daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Rigakafin ƙwayar rota, babbar mai haddasa zawon jarirai, ya shiga ƙasar a 2014.

Ƙa'idar da ake koyarwa yanzu ita ce a ci gaba da ba da nono da abinci, a riƙa ɗura haɗin kaɗan-kaɗan da cokali bayan kowane zawo. Idan yaro ya yi amai, a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Ana garzayawa likita idan ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da komai, ko an ga jini a kashinsa, ko akwai zazzaɓi, ko idanunsa sun zurma jikinsa ya saki. Haka nan idan an tsunkuli fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, ko kwana uku sun wuce babu sauƙi. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu da yaro mai tamowa ba a jira da su. Babba ma da ke zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, ana kai shi nan take, domin kwalara na iya kisa cikin sa'o'i, kuma daga ƙaramar likita akan tura mai tsanani asibitin gunduma da ke Matamaye.