Tarihin Daidaita Agogon Kwamfuta da Sa Masa Ido

Kowace kwamfuta tana ɗauke da agogo mai ƙirga lokaci bisa girgizar wani ɗan ƙanƙanin dutse da ake kira kwaz, kuma da yake zafi da sanyi suna sauya saurin girgizar, agogon yakan yi gaba ko ya yi baya kaɗan kullum. Wannan bai zama matsala ba sai da aka fara haɗa kwamfutoci a Amurka, inda saɓanin agogo kan sa a kasa gane saƙon da ya riga wani isowa.

Masanin da ya ɗauki nauyin aikin daidaita agogunan shi ne David Mills, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware, kuma a 1985 ya wallafa ƙa'idar NTP, wato tsarin da kwamfuta ke bi ta tambayi wata lokaci ta intanet, ta auna tsawon zuwan saƙon da dawowarsa, sannan ta ƙiyasta kuskuren agogonta. An jera masu ba da lokaci hawa-hawa, daga agogon ƙwayar zarra a ƙololuwa zuwa hawa na 15. Babbar hikimar Mills ita ce ƙin amincewa da majiya ɗaya, domin kwamfuta takan tambayi majiyoyi da dama, ta yi watsi da duk wadda ta kauce wa sauran. Daga nan sa ido ya zama ɓangaren aikin masu kula da na'urori, waɗanda ke duba tazarar agogonsu da majiya, da jinkirin hanya, da yawan tangal-tangal ɗin awon, tun da agogon da ya kauce ba ya sanar da kowa.

Ƙarshen watan Yunin 2012 ya nuna cewa wannan kulawa ba ɓata lokaci ba ce: ƙarin daƙiƙa ɗaya, irin wanda ake yi tun 1972 domin daidaita agogo da juyawar duniya, ya tayar da wata matsala a manhajar Linux, har shafin Reddit ya tsaya. Mills ya rasu a Janairun 2024, bayan babban taron awo na duniya ya yanke shawara a 2022 cewa za a daina ƙarin daƙiƙar nan da 2035.