Ɗaya Ga Oktoba A Yerwa: Bikin Nan Har Da Mu

Jama'a, ga Oktoba ta sake zagayowa. Yaranmu sun san 1 ga wata ranar hutu ce, ranar da aka saba yin fareti a Dandalin Ramat. Amma tambayi yaro me ya haɗa ranar da zaman kakansa a Hausari, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Laifin namu ne, mu manya, da ba mu zaunar da su mun gaya musu ba.

To, bari mu ɗauko daga tushe. Yerwa ba tsohon birni ba ne kamar Kukawa, wadda Rabe ya ci a 1893. Bayan an kashe Rabe a 1900 ne Turawa suka shigo, sannan a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya dawo da fadarsa nan bakin kogin Ngadda. Tun garin yana ɗanye fatake da malamai da mahauta daga ƙasar Hausa suka riƙa sauka. Wasu ma maniyyata ne masu bin hanyar Fort-Lamy da Sudan zuwa Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba, zama ya yi daɗi. Barebari suka kira mu Afuno, suka ba mu masauki, suka ba mu aure. An ce baƙo raɓa ne. Amma raɓar da ta haura shekara 100 a wuri ɗaya ai ta zama rijiya.

Daren da aka shiga 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa na Ikko, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore-fari-kore, sama ta haske da wasan wuta. Da gari ya waye Gimbiya Alexandra ta miƙa wa Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa takardun mulkin kai. Abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, a ranar nan Dikwa da Bama da Gwoza ba su cikin Nijeriya. Suna ƙarƙashin riƙon amanar Majalisar Ɗinkin Duniya, sai da aka yi ƙuri'ar raba-gardama a Fabrairun 1961 suka zaɓi shigowa. Kun ga ke nan ƙasar nan da yardar mutane aka haɗa ta, kuma yardar ce ta sa Bakano da Babarbare suka zama 'yan ƙasa ɗaya.

Bayan haka abubuwa suka biyo juna. A 1962 ɗan Yerwa, Sa Kashim Ibrahim, Wazirin Barno, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin Gwamnan Jihar Arewa. A 1964 jirgin ƙasa ya iso ta Bauchi da Gombe. A 1967 Maiduguri ta zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas, a 1975 aka kafa jami'a, a 1976 aka ƙirƙiro Jihar Barno.

Wahala ma tare muka sha. Tun daga rikicin 2009, ƙarar da yara kan yi wa shewa ta koma abin da ke sa uwa ta rungume ɗanta ta ruga ɗaki. Gobarar Kasuwar Monday a Fabrairun 2023 ba ta tambayi yaren mai rumfa ba. Ruwan madatsar Alau a Satumbar 2024 bai zaɓi gida ba, kamar yadda bai zaɓa ba a 1994.

Don haka shawararmu ga 'yan ƙungiya ita ce: bana a bar batun wasan wuta, a tausaya wa masu firgici. A kama hannun yara, a bi Dandal har ƙofar fadar Shehu, a biya da su tsohuwar tashar jirgin ƙasa, a ƙare a Hausari wurin dattawan da suka rage, su ji labari daga bakinsu tun suna raye. Yaron da ya san yadda kakansa ya zo, ya kuma san wanda ya karɓe shi, ba zai raina mai masauki ba, ba kuma zai yarda a ce masa ba shi da gida ba.

Allah Ya ja zamanin Shehu, Ya zaunar da Barno da Nijeriya lafiya, amin.