Nachtigal: jirgin Jamus da ya yi karo da Dwarf a 1914

Mu mutanen Kafanchan ruwan da muka sani bai wuce na Matsirga ba, shi ya sa idan aka ce yaƙin jirgin ruwa sai mu ɗauka abin Turai ne. Amma an yi shi a nan maƙwabta, a Kamaru, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Nachtigal ƙaramin jirgin gwamnatin Jamus ne a Kamaru. Sunan Gustav Nachtigal ya ci, Bajamushen nan da ya kai wa Shehu Umar na Barno kyautar sarkin Furusiya a Kukawa a 1870. Ba don yaƙi aka ƙera shi ba. Da yaƙi ya ɓarke a Agustan 1914 sai aka ɗora masa bindiga, ya riƙa sintiri a rafukan da ke tsakanin Duwala da Biktoriya, wato Limbe ta yau.

A daren 16 ga Satumba, 1914, ya tarar da jirgin Ingila mai suna Dwarf a rafin Bimbiya. Dwarf ya fi shi girma, ya fi shi bindigogi. Kwamandansa, Wendling, bai tsaya musayar wuta ba, sai ya sa kai kawai, kamar yadda ɗan maraƙi zai tunkari bijimi. Ya huda gefen Dwarf kuwa, amma kafin nan ruwan harsashi ya riga ya cinna masa wuta. Nan ya ƙone ya nutse. Ni dai a ganina wannan ya fi kusa da ganganci, domin mafi yawan mutanen jirgin sun mutu, kuma galibinsu baƙaƙen fata ne 'yan ƙasa. Wendling da 'yan tsirarun da aka tsamo daga ruwa suka zama fursunonin yaƙi a hannun Ingilishi.

Dwarf kam gyara shi aka yi ya koma aiki. Ran 27 ga Satumba Duwala ta miƙa wuya ga Janar Dobell. Jamusawan da aka kama a garin, wasu aka kwashe su zuwa Ingila, wasu kuma Faransawa suka tsare su a Abome, ƙasar Dahome, inda suka sha baƙar wuya.

A tudu yaƙin ya ja. Sojojin Najeriya, cikinsu da Hausawa da yawa, suna cikin waɗanda suka ci Garwa a Yunin 1915. Dutsen Mora bai sallama ba sai Fabrairun 1916.