Auren haɗi a gidajen masu dukiya na Ingila, 1540 zuwa 1753

Masana tarihi ba su daidaita a kan wannan batu ba. Lawrence Stone, a littafinsa na 1977, ya ɗauka cewa iyaye ne ke yanke komai, shi kuwa Alan Macfarlane a 1986 ya nuna cewa yawancin Ingilishi su ke zaɓa wa kansu. Kowannensu da gaskiyarsa, domin talaka yakan kai shekara ashirin da wani abu yana tara abin zaman gida kafin ya yi aure, amma a gidan mai filaye aure ciniki ne. Uban amarya shi ke biyan kuɗi, dangin ango su ware mata abin da za ta ci idan mijin ya riga ta mutuwa. Coci ta yarda da auren yarinya mai shekara 12 da yaro mai 14, muddin sun furta amincewa.

Inda abin ya fi muni shi ne kan marayu. A 1540 Sarki Henri na Takwas ya kafa kotun da ke riƙon magadan manyan masu filaye waɗanda iyayensu suka rasu suna ƙanana. Kotun na sayar da riƙon maraya, wanda ya saya kuma ya samu ikon aurar da shi, sau da yawa ga 'yarsa. William Cecil ya shugabance ta daga 1561 har ya mutu a 1598. Majalisa ta rushe ta a 1646, aka tabbatar da rushewar a 1660.

Mai uba a raye ma bai tsira ba. A 1617 alƙali Edward Coke, da ya rasa muƙaminsa, ya nemi komawa fada ta hanyar ba da 'yarsa Frances ga John Villiers, wan na hannun daman Sarki Jemis na Ɗaya. Uwar ta ɓoye yarinyar, Coke ya je da mutane ya fasa ƙofa ya ɗauko ta. Aka ɗaura auren a Hampton Court a gaban sarki, Coke ya biya fam 10,000. Auren bai yi albarka ba, kuma wannan auren dole ne tsantsa.

Daga baya, dokar aure ta Hardwicke ta 1753 ta wajabta izinin iyaye kafin a aurar da wanda bai kai shekara 21 ba.