Yadda Gayya Ta Dawo da Kogin Arwari

 Yau a filinmu na tarihi za mu leƙa ƙasar Indiya. Na san da an ce Indiya sai ki tuno da lambunan furanni da ruwa mai zubowa daga duwatsu, irin na finafinai. To, inda za mu je daban yake. Jihar Rajastan ce, a arewa maso yammacin ƙasar, inda zafi da ƙarancin ruwa suka yi kama da namu. A can akwai wani ƙaramin kogi mai suna Arwari, a gundumar Alwar, wanda ya ƙafe kimanin shekara 60, sannan mutanen ƙauye suka dawo da shi da hannunsu.

Kafin mu shiga labarin, uwargida, dubi tsakar gidanki ranar da aka yi ruwan sama. Ruwan indararo da na bakin madafa da na gindin bishiya duk gangarowa suke yi su fita ta rariya ɗaya. Haka kogi yake. Kowane kogi yana da faɗin ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa cikinsa, tun daga kan tsaunuka har zuwa gonaki da ƙauyuka. Idan wannan ƙasa ta lalace, kogin ma ya lalace.

Abin da ya sami Arwari ke nan. Daminarsu gajera ce, wata uku ne ko huɗu. Saboda haka tun kaka da kakanni mutanen yankin suna gina wani abu da suke kira johad. Ganuwa ce ta ƙasa da duwatsu, mai siffar jinjirin wata, da ake yi a kan hanyar da ruwa ke gangarowa. In an yi ruwan sama sai ya taru a bayanta ya zama tafki, dabbobi su sha, sauran kuma ya riƙa nutsewa cikin ƙasa a hankali har ya kai ga rijiyoyi. Duk shekara ƙauye kan fito a yashe shi.

Sannu a hankali sai aka saki wannan al'ada. Aka sare dazuzzukan tsaunukan Arawali, masu haƙar dutse suka yi ta fasa tsaunukan, aka kuma koma dogaro da rijiyoyin burtsatse masu zuƙo ruwa daga can ƙasa. Ruwan sama ya riƙa sauka a kan tsirarar ƙasa ya wuce a guje, yana kwasar laka yana cike tafkunan. Rijiyoyi suka ƙafe, noma ya gagara, maza suka tafi birane neman abin sakawa a baka. Wa aka bari da wahala? Mata. Su ne masu tafiya mai nisa da tulu a ka, 'yan mata kuma ɗibar ruwa ya hana su makaranta.

A watan Oktoba na 1985 wani saurayi mai suna Rajendra Singh ya sauka a yankin tare da abokansa huɗu, 'yan wata ƙungiyar sa-kai ta matasa da ake kira Tarun Bharat Sangh. Shi ya karanci maganin gargajiyar Indiya, don haka ya fara duba marasa lafiya a ƙauyen Gopalpura, abokansa kuma suna koyar da yara. Sai wani dattijo na ƙauyen ya nuna masa cewa babbar damuwarsu ruwa ce, in da gaske taimako ya zo yi, to ya ɗauki abin haƙa ya yashe tsohon tafkinsu da laka ta binne. Abokan nasa 'yan birni ne, aikin ƙarfi ya gagare su, suka tafi. Shi kuwa ya tsaya, ya yi ta haƙa, matasan ƙauyen suka kama masa. Da damina ta sauka tafkin ya cika, ba a jima ba kuma rijiyoyin da ke kusa da shi suka fara kawo ruwa.

Kin san gani ya kori ji. Ƙauyukan maƙwabta suka zo suka gani da idonsu, su ma suka ce suna so. Ƙungiyar ta kafa sharaɗi: ƙauye ne zai zauna ya zaɓi wurin da za a yi ganuwar, ya kuma ɗauki wani kaso na aikin da na kuɗin. Suna da kalmarsu ta aikin da mutum ke bayarwa kyauta don amfanin gari, shramdan, wato dai gayya. Matan Rajastan ma masu lulluɓi ne da kunya, amma da yawansu sun shiga aikin, suna ɗaukar ƙasa a ka suna kaiwa bakin ganuwa, domin su suka fi sanin zafin rashin ruwa.

A 1986 mutanen Bhaonta da Kolyala, ƙauyuka biyu da ke kusa da mafarin Arwari, suka yi nasu tafkin, suka kuma sa wa kansu dokar hana sare itatuwan tsauni. Sauran ƙauyuka suka biyo baya, har aka sami irin waɗannan tafkuna kimanin 375 a faɗin ƙasar kogin. Abin da kowane ƙauye ke nema shi ne ruwa a rijiyarsa. Amma da ƙasa ta ƙoshi, sai ruwan ya fara tsattsafowa a cikin busasshen kogin. A 1990 ya fara gudu na ɗan lokaci bayan damina, kowace shekara yana ƙara daɗewa, zuwa 1995 ya kai yana gudu rani da damina. Gonaki suka farfaɗo, maza da yawa suka dawo gida.

Da ruwa ya dawo, kifi ya dawo, sai kuma ga masu sha'awa. A 1996 gwamnatin jihar ta ba wani ɗan kwangila izinin kamun kifi a kogin. Mutanen ƙauyukan suka ce ba su yarda ba, su da suka sha wahalar aikin, suka tsaya kai da fata har aka soke izinin. Wannan ya koya musu darasi, suka kafa majalisar kogin Arwari, mai wakilai daga ƙauyuka kimanin 70, suna zama sau biyu a shekara. Cikin dokokin da suka sa wa kansu har da hana noman abubuwa masu shan ruwa da yawa, kamar rake da shinkafa. A shekarar 2000 shugaban ƙasar Indiya na lokacin, K. R. Narayanan, ya tako da kansa zuwa yankin ya ba mutanen Bhaonta da Kolyala lambar yabo. Rajendra Singh kuma ya sami kyautar Magsaysay a 2001, da babbar kyautar ruwa ta birnin Stockholm a 2015.

Kada ki ɗauka an gama ke nan an huta. Tafki yana cika da laka duk damina, in ba a yashe ba ya koma gidan jiya, injin ban ruwa kuma yana iya zuƙe a wata ɗaya abin da ƙasa ta daɗe tana tarawa.

To 'yar uwa, mu ma ai muna da gayya, muna da tafkuna da kududdufai, waɗansu an cike su an yi gini, waɗansu sun zama juji. Kina cikin gida, amma kina da ta cewa. Tambayi tsofaffin gidanku ina ruwan unguwarku yake taruwa a da, da yadda ake kula da shi, domin a Gopalpura ma dattijo ne ya tuna. In kin aiki yara zubar da shara, ki hana su zuba ta a kwata ko bakin kududdufi. In an kira gayyar yasar magudanar ruwa ko tafki, ki ƙarfafa wa maigida da samarin gida gwiwa su fita, ke kuma ki dama musu fura. Ranar da rijiya ta ƙafe, ko mai garuwa ya ƙara kuɗi, a madafarki za a fara ji.